Makarantun gwamnati a birnin Niyok: amsoshin tambayoyin da sababbin zuwa suka fi yi

Da watan Agusta ya raba tsakiya wayata ba ta ƙara hutawa. Wannan ya ɗauko iyali daga Kumasi, wancan daga Damagaram, wata baiwar Allah ta sauka da yara uku daga Kano, ga kuma Satumba ta ƙarato. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, har na haddace su, shi ya sa na ga gara in tara su wuri guda. Ni ba ma'aikacin hukumar ilimi ba ne. Uba ne da 'ya'yansa suka bi ta makarantun Bronx, ɗaya daga cikin yankuna biyar na birnin Niyok, na kuma sha zaman benci a ofisoshi har na gane wace ƙofa ce ke buɗewa, wace ce ta ado.

Malam, wai makarantun nan na wane ne? Na tarayya ne ko na jiha?

Ba na tarayya ba ne. A Amurka harkar makaranta a hannun jihohi take, su kuma jihohin sun rarraba ta ga gundumomi, waɗanda yawansu ya haura 13,000 a faɗin ƙasar. A yawancin garuruwa jama'a ke zaɓen kwamitin makarantu da ƙuri'a, kwamitin ya ɗauki sufritanda aiki bisa kwantiragi, in bai taɓuka ba a sallame shi. Kuɗin kuwa daga harajin gidaje da filaye suke fitowa, sai kason jiha. Abin da Washington ke bayarwa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Niyok ta fita daban. Tun 2002, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, majalisar dokokin jiha da ke Albany ta damƙa makarantun birnin a hannun magajin gari. Shi ke naɗa shugaban makarantun, wanda suke kira Chancellor, kuma shi ke da rinjaye a kwamitin da ke amincewa da manyan kwangiloli da rufe makarantu. Na farko a wannan tsari, Joel Klein, lauya ne. Wadda ta gaje shi a 2011, Cathie Black, daga harkar mujallu aka ɗauko ta, ba ta kai wata huɗu ba ta tattara nata ya nata. Kujerar ba ta da tabbas: David Banks ya hau a 2022, kafin 2024 ta ƙare ya miƙa wa Melissa Aviles-Ramos. Ikon ma aro ne, lokaci-lokaci sai an koma Albany an sabunta shi, kuma kowane karo sai an yi ta cacar baki.

Hedikwatar tana lamba 52 a titin Chambers, bayan fadar magajin gari. Ɗalibai kimanin 900,000 ne, makarantu sun haura 1,500, kasafin shekara yana wajen dala biliyan 40. Babu gundumar da ta kai ta girma a ƙasar. Amma kai da kake neman wa yaro gurbi, da wuya ka taɓa taka wancan ginin.

Ina jin ana cewa gunduma ta 9, gunduma ta 12. Me ake nufi?

An yanka birnin gida 32. Manhattan na da 1 zuwa 6, Bronx 7 zuwa 12, Brooklyn 13 zuwa 23 da kuma 32, Queens 24 zuwa 30, Staten Island ita kaɗai 31. Kowace gunduma da sufritandanta, wanda shi ne uban gidan firinsifal-firinsifal na yankin. Mutumin Najeriya ya kwatanta shi da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ba zai yi nisa da gaskiya ba. Mutanenmu da yawa suna gunduma ta 9, wajen Highbridge da Morrisania da Grand Concourse.

Wannan rabo rigima ce ta haife shi. A 1967 iyaye baƙar fata da 'yan Puerto Rico a unguwar Ocean Hill-Brownsville ta Brooklyn suka samu ikon gwaji a kan makarantunsu, a 1968 suka kawar da wasu malamai. Ƙungiyar malamai ta UFT ƙarƙashin Albert Shanker ta shiga yajin aiki, makarantun birnin suka yi makonni a rufe. A 1969 aka yi dokar da ta kafa gundumomin unguwanni. Ikon da aka ba su a lokacin an karɓe mafi yawansa a 2002, lambobin ne suka rage.

Akwai biyu da ba na unguwa ba. Gunduma ta 75 ta yara masu buƙata ta musamman mai nauyi ce, ta 79 kuma ta manyan yara da waɗanda karatu ya yanke musu.

In matsala ta taso, wa zan fara gani?

A nan na fi so a tsaya. Mu mun taso da cewa in kana da magana sai ka je wurin babba. Ni ma haka na yi. Wata shekara aka sa ɗana a ajin da bai dace da shi ba, na saka babbar riga da hula, na tafi ganin firinsifal ba tare da alƙawari ba. Mai gadi ta karɓi katin shaidata, ta manna mini takarda a ƙirji, na zauna a benci kusan awa biyu. Firinsifal ta fito, muka gaisa da fara'a, ta ce za ta duba. Na dawo gida ina jin na gama aiki. Wata guda ya wuce ba abin da ya motsa. Sai wani maƙwabci ya zaunar da ni muka rubuta imel layi biyar, da sunan yaro, da lambarsa ta ɗalibi, da ranar da na je, da abin da nake nema. Kafin mako ya zagayo an sauya masa aji.

A nan maganar fatar baki iska ce, takarda ita ce magana. Ka fara da malamin aji. In abin ya fi ƙarfinsa, nemi jami'in hulɗa da iyaye, muƙamin da aka ƙirƙira a 2003, wanda aikinsa kenan ya saurare ka ya nuna maka hanya. Karɓi lambarsa tun ranar farko. Daga nan sai mataimakin firinsifal, sai firinsifal, sai ofishin sufritanda, inda akwai ma'aikatan da aka ware don koken iyaye. Kana kuma iya kiran 311, layin wayar hukumar birni, a ba ka lambar ƙorafi. Kowane mataki ka bar shaida a rubuce, ko da saƙon waya ne. Kuma kada ka ji kunyar tsallakawa sama in an yi maka shiru. Ba a ɗaukar hakan rashin kunya, ba kuma a hucewa a kan yaro.

Alhaji, ni fa takarduna ba su fito ba tukuna. Za su karɓi yarana?

Za su karɓa. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wannan tun 1982 a shari'ar Plyler da Doe: ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin zamansa ko na iyayensa. Makaranta ba ta da hurumin tambayarka biza ko katin zama. Abin da za a nema shi ne shaidar shekarun yaro, wato takardar haihuwa ko fasfo, da katin rigakafi, da shaida biyu ta adireshi, kamar takardar hayar gida da ta kuɗin wuta. Ƙa'idar birnin kuma ita ce jami'an shige da fice ba sa shiga makaranta sai da sammacin alƙali, kuma dokar tarayya ta 1974 ta taƙaita wanda za a nuna wa fayil ɗin yaro.

Wanda ya sauka a gidan ɗan uwa, ba takarda ko ɗaya da sunansa, akwai fom da mai gidan zai sa hannu cewa kuna zaune tare. Akwai ma abin da ya fi wannan, wanda mutanenmu ba sa son ji saboda sunan. Dokar McKinney-Vento ta 1987 ta kare yaran da ba su da matsuguni na dindindin, kuma iyalin da ke raɓe a ɗakin wani saboda rashin hali suna ciki, ba sai masu kwana a gidan agaji ba. Irin wannan yaro dole a yi masa rajista nan take ko takardu ba su cika ba, a ba shi abin hawa, kuma in kun ƙaura yana da damar ci gaba a makarantarsa. Shekara da shekaru yaran da ke wannan rukuni a Niyok suna haura 100,000 kowace shekara. Ba kai kaɗai ba ne, kuma faɗin gaskiya a fom ɗin ba ya jawo a ƙwace maka yara.

Rigakafi kam ba sassauci. Tun watan Yuni na 2019, bayan ɓarkewar ƙyanda, jihar ta soke uzurin addini. Sai dai uzurin likita.

In an riga an fara zangon karatu, ko yaron babba ne, je cibiyar da ake kira Family Welcome Center. Kowane yanki na birnin yana da ita.

Wane aji za a sa shi?

Shekaru ake bi, ba girman jiki ba, ba kuma ajin da ya baro a gida ba. Shekarar da yaro zai cika 5, daga Janairu har Disamba, a Satumbarta yake shiga ajin share fage. Kafin nan akwai ajin 'yan shekara 4 kyauta tun 2014, da na 'yan shekara 3 wanda aka fara a 2017. Aji 1 zuwa 5 firamare, 6 zuwa 8 ta tsakiya, 9 zuwa 12 sakandare. Zuwa makaranta tilas ne daga shekara 6 zuwa 17, kuma wanda bai gama ba yana da haƙƙin zama har 21.

Masu manyan yara, don Allah ku zo da sakamakonsu na gida. Rifot na kowane zango, ko da na Faransanci ne, da duk wata takardar jarrabawa. Sakandare a nan lissafin maki take yi, sai an tara 44 ake kammalawa, kuma daga takardun nan ake ƙirga wa yaro abin da ya riga ya karanta. Na ga saurayi ɗan shekara 17 da ya kusa gama sakandare a gida aka mayar da shi aji 9, saboda rifot ɗinsa na cikin wata adaka a garinsu.

Ba ya jin Turanci ko kaɗan. Yaya za a yi?

Ranar rajista za a ba ka fom a tambayi harshen da ake yi a gida. Rubuta Hausa. Wasu suna rubuta Turanci don kada a raina su, sai yaro ya rasa taimakon da ya cancanta. Daga fom ɗin ne ake yi wa yaro 'yar hira da gwaji, in an ga yana buƙata a haɗa shi da malamin da aka horar don koyar da baƙin harshe. Kowace shekara kafin hutun bazara ana sake gwada shi har ya fita daga rukunin. Wannan ma haƙƙi ne, tun shari'ar Lau da Nichols ta 1974, wadda iyayen yara 'yan China suka shigar a San Francisco.

Yaron da makarantar allo ko Islamiyya kawai ya yi, a faɗa. Kada a ce bai taɓa karatu ba, don wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ya san yadda rubutu ke aiki, kuma malamai suna iya ɗorawa a kai. Akwai tsari na musamman ga waɗanda bokonsu ya yi giɓi, akwai kuma sakandare da aka kafa musamman don sababbin zuwa, wasunsu a nan Bronx.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a daina yi musu Hausa a gida wai don Turanci ya zauna. Turanci zai zauna ko ba ku so. Hausar ce ke guduwa.

Ni kaina Turancin nawa bai taka kara ya karya ba.

Tafinta kyauta ne, kuma haƙƙinka ne ka nema. Manyan takardu ana fassara su zuwa wasu harsuna, ciki har da Faransanci da Larabci, abin da ke taimaka wa 'yan Nijar da Chadi da Kamaru. Hausa ba ta cikin waɗannan, amma ana iya kiran tafinta ta waya. Faɗa musu tun kafin ranar taron don su nemo.

Kada ka mai da ɗanka tafinta a maganar da ta shafe shi. Malama ta yi bayani na minti uku fuska a murtuke, yaro ya juyo ya ce, "Baba, ta ce ina ƙoƙari." Wannan ya faru a gabana.

Ban da malamai, su wane ne sauran mutanen da nake gani a makaranta?

Suna da yawa, kuma sanin aikin kowa yana rage wahala. Mai ba da shawara shi ke riƙe da lissafin makin yaro da maganar zaɓen makaranta ta gaba. Jami'in walwala shi ake gani in gida ya rikice, ko yaro ya shiga damuwa. Akwai masanin halayyar yara mai yin gwaji, akwai nas, wadda ba za ta ba yaro ko da maganin asma ba sai da fom ɗin likita. Akwai mataimakan malamai da ke zama kusa da yaro mai lalura, akwai masu kicin da masu kula da gini. Masu kaki na bakin ƙofa kuwa ba ma'aikatan firinsifal ba ne, tun 1998 suna ƙarƙashin 'yan sandan birni, ko da yake ba sa ɗaukar bindiga.

Malami sai da lasin na jiha. Yana farawa da digiri na farko, a ba shi shekara biyar ya kawo na biyu, kuma sai ya yi shekara huɗu na gwaji kafin a tabbatar da shi. Bayan nan cire shi sai an bi doguwar hanya, ƙungiyarsu kuma tana da ƙarfi. Firinsifal ke zaɓen malamansa daga kasafin da aka ba shi, kasafin kuma kawunan yara yake bi, da ƙari a kan mai koyon Turanci da mai buƙata ta musamman. Ka ga kenan ɗanka ba alfarma aka yi masa ba, da kuɗinsa ya shigo.

A 2022 jiha ta yi dokar rage cunkoso: yara 20 a ƙananan azuzuwa har aji 3, 23 daga aji 4 zuwa 8, 25 a sakandare, ana shigar da ita sannu a hankali. Wanda ya yi firamare inda ake zama ɗari a ƙasa zai yi murmushi, amma a nan babbar magana ce, don tana nufin ɗaukar dubban malamai.

Kyauta kuma a yi hattara. Ambulan da kuɗi zai jefa malami cikin matsala. Katin godiya ya wadatar.

Ni malama ce a gida, shekara goma ina koyarwa. Zan iya samun aiki?

Hajiya, za ki iya, amma ba rana ɗaya ba. Sai an tantance takardunki an ga daidai da me suke a nan, ki ci jarrabawar lasin, a ɗauki hoton yatsunki, kuma ki kasance da izinin aiki. Da yawa suna farawa da mataimakiyar malami, wanda shaidar sakandare ke isa, ko malamar wucin gadi ga mai digiri. Duka biyun sai wani firinsifal ya gabatar da ke. Hanya mafi sauƙi ita ce makarantar 'ya'yanki ta san fuskarki.

Sun ce a yi wa yarona gwaji, wai yana da matsalar koyo. Ni ban yarda ba, lafiyarsa ƙalau.

Na san abin da ke ranka. Kana jin za a lanƙaya masa sunan da zai bi shi har gida, dangi su ji. Kana kuma tuna cewa wane bai yi magana ba sai da ya shekara huɗu, ga shi yau ɗan kasuwa. Duk na ji, ni ma na faɗa.

Ga yadda abin yake. Dokar tarayya tun 1975 ta wajabta wa gunduma ta ba yaro mai lalura ilimin da ya dace da shi kyauta. Ba a yin gwajin farko sai da sa hannunka, ba a kuma fara komai sai ka yarda. Kai ma kana iya nema da kanka, ka rubuta wa firinsifal, daga nan kwanaki suke fara ƙirguwa a kansu. In gwaji ya nuna buƙata, sai a zauna da kai a rubuta takardar da ake kira IEP. A cikinta ake faɗin abin da za a yi masa: mai gyaran magana sau kaza a mako, ƙarin lokaci a jarrabawa, aji mai malamai biyu, motar da za ta ɗauke shi. Abin da aka rubuta a ciki ya zama wajibi a kan makaranta. Ana sake duba ta kowace shekara, ana sabon gwaji duk shekara uku. Yawancin masu wannan takarda suna makarantar unguwa tare da sauran yara, ba wanda zai gane su.

Amma ban ce ka sa hannu ido rufe ba. Rashin jin Turanci ba lalura ba ne, kuma akan yi kuskuren haɗa su. Ka tambaya ko an gwada shi da la'akari da harshensa. Ka nemi tafinta, ka tafi da wanda ka amince da shi, ka karɓi kwafi ka karanta a gida. In kun saɓa akwai zaman sulhu, akwai sauraron ƙara a gaban jami'i mai zaman kansa, kuma ƙungiyar Advocates for Children of New York tana ba da shawara kyauta. Wanda bai kai shekara 3 ba kuma aka ga maganarsa ko tafiyarsa ta yi jinkiri, a kira 311 a nemi shirin taimakon farko. Abin da na gani da idona shi ne, waɗanda suka fi nadama su ne waɗanda suka jira har aji 6.

Abinci fa? Da salla, da hijabi, da azumi?

Karin safe da na rana kyauta ne ga kowane ɗalibi tun 2017, ba a tambayar albashinka. Wasu makarantu suna da kicin da aka tantance na halal, in taku ba ta ciki ku haɗu ku nema ta hannun firinsifal. Kullum akwai abin da ba nama a cikinsa. Da hutun bazara ma ana raba abinci kyauta ga yara a makarantu da wuraren shaƙatawa.

A watan Maris na 2015 magajin gari Bill de Blasio ya sanar da hutun ƙaramar Salla da babba, bayan shekaru ana fafutuka. Kwana ɗaya ne kowace, kuma tun kafin shekara ta fara ake sa ranar a kalanda, don haka wani lokaci takan saɓa da ganin wata. In ta saɓa, rubuta takarda cewa yaro bai zo ba saboda addini.

Hijabi ba mai hanawa. Yaro yana iya salla a lokacin da ba na darasi ba, sai dai malami ba zai ja shi ba. Wurin salla, da fita Juma'a, da zama a laburare lokacin cin abinci a watan azumi, duk a rubuce ake nema. In ana tsokanar yarinya saboda ɗankwalinta ko launinta, dokar jiha da ta fara aiki a 2012 ta tilasta wa makaranta ta bincika, kuma kowace makaranta tana da ma'aikacin da aka ɗora wa wannan.

Gaskiya ne in na doki ɗana za a kama ni?

Malami dai haramun ne ya taɓa yaro, don haka kada ka je ka ce "Malam, in ya yi ka zane shi, na ba ka." Zai dube ka ne kawai. A gida kuma, ka sani duk malami da nas da mai ba da shawara doka ta ɗora musu kai rahoto in sun ga alamar cutarwa, in suka yi shiru su ne a ciki. Shatar bulala ko ta wayar caja ta isa hukumar kula da yara ta birni, ACS, ta ƙwanƙwasa maka ƙofa. Har tabon ƙaho ko sabuwar tsaga ana iya yi musu mummunar fahimta, gara ka riga su bayani wurin nas.

Fashin makaranta ma yana kai wa can. Shekarar karatu kwana 180 ce, wanda ya rasa 18 an sa shi a jerin masu yawan fashi. Masu tafiya gida da yara a watan Mayu don tikiti ya fi araha, su dawo a Oktoba, su sani gurbin yaro na iya tafiya, in makarantar ba ta unguwa ba ce.

Mota fa, da waya?

Daga ajin share fage zuwa aji 2, motar makaranta mai ruwan ɗorawa tana ɗaukar wanda gidansu ya kai rabin mil. Daga aji 3 zuwa 6 sai ya kai mil ɗaya. Manya ana ba su katin OMNY, hawa huɗu kyauta a rana a bas ko jirgin ƙasa, har Asabar da Lahadi. Waya kuma tun Satumbar 2025 jiha ta hana amfani da ita daga shiga har tashi. In da gaggawa kira ofis.

Me ya sa ake cewa aji 8 shi ne mai haɗari?

Domin a nan sakandare ba ta unguwa ba ce, nema ake yi. A farkon aji 8 ake jera zaɓi a shafin MySchools daga cikin makarantu sama da 400, a rufe wajen Disamba, sakamako ya fito a Maris. Wasu makarantun makin aji 7 suke dubawa, wato wasan ya fara tun kafin iyaye su farga. Wanda bai cika ba, ko ya bar wa yaro ya bi abokai, sai abin da ya samu.

Akwai kuma makarantu takwas da jarrabawa ɗaya tak ke shigar da yaro, wadda ake kira SHSAT, ciki har da Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech. Kyauta suke kamar sauran. Kowace shekara ana ƙorafin ƙarancin baƙar fata a cikinsu, wasu kuma tun aji 6 suke fara shirya 'ya'yansu. Namu da yawa ba su ma ji labarin jarrabawar ba sai ta wuce. Tambayi mai ba da shawara tun aji 6.

Makarantun cata (charter) da ake ta turo mana takardunsu, na kuɗi ne?

A'a. Kuɗin gwamnati ne, amma wasu ƙungiyoyi ke tafiyar da su, ba sa ƙarƙashin sufritandan gunduma, kuma ƙuri'a ake jefawa a shiga. Wasu suna da kyau ƙwarai, wasu suna da tsananin da ba kowane yaro ke ɗauka ba. Je ka gani da idonka, ka tambayi me suke yi wa mai koyon Turanci.

Mu iyaye muna da ta cewa kuwa, ko kallo ne namu?

Kuna da ita, in kun zo. Da ka yi wa yaro rajista ka zama ɗan ƙungiyar iyaye ta makarantar, ba kuɗin shiga. Kowace makaranta kuma tana da kwamitin jagoranci, rabi iyaye rabi ma'aikata, wanda ke tsara manufofin shekara da firinsifal zai daidaita kasafinsa da su. A matakin gunduma akwai majalisar ilimi ta iyaye, ana zaɓenta duk shekara biyu ta intanet, kuma ba sai kana ɗan ƙasa ba kafin ka jefa ƙuri'a. Ita ke amincewa da iyakokin unguwar kowace makaranta, kuma sufritanda yana zama a gabanta kowane wata ya amsa tambayoyi.

Na san uzurinmu. Mai tuƙin tasi yana hanya, mai aikin kula da tsofaffi ba ta tashi sai dare, taron kuma ƙarfe shida na yamma ne. A taron farko da na je a makarantar 'yata mu tara ne a ɗakin, alhali yaran sun fi ɗari biyar, kuma a daren aka yanke lokacin darasin bayan tashi, wanda ya faɗa daidai lokacin Islamiyya. Wata mai zuwa muka je mu shida daga masallacinmu, da takarda a hannu, aka mayar da shi Talata da Alhamis.